Gero a Kan Marmara

Lokacin da aka yi wa maigidana, ma'aikacin asibiti, canjin wurin aiki zuwa Gwandu, tun ba a yanke Kebbi daga Sakkwato ba, mu Kiristocin unguwarmu ba mu da ginin coci. Rumfar zana ce a tsakar gidan da muke haya, da benci guda biyu, sauran jama'a kowa ya zo da tabarmarsa. 'Yan sanda ne da iyalansu, sai malaman makaranta, sai wani mai gyaran rediyo. Fastonmu a Kalgo yake zaune, yakan zo mana a kan babur jefi-jefi, in hanya ta yi kyau.

Yara kuwa ni aka ɗora wa su, don ba wanda ke so. Iyayensu daga ko'ina suke, kowa da harshensa, amma su yaran Hausar Gwandu suka tashi da ita, "mi" da "munka" a bakinsu har sun fi ni, ni da na zo daga ƙasar Zuru. Kafin zuwana, makarantar Lahadi tsumagiya ce da haddar aya. A karanta su maimaita, a sake karantawa su sake maimaitawa, Lahadi ta zagayo ka tambaye su, su zuba maka ido kamar ba su taɓa ganinka ba. Ni kuma tun ina yarinya na tsani a sa ni zama ina maimaita abin da ban gane ba, sai na ce wa raina gani ya kori ji.

Ranar da muka yi labarin jaririn da uwarsa ta sa a kwando ta ajiye a bakin kogi, kaba na nemo, kowa ya saƙa ɗan kwandonsa, muka cika daro da ruwa muka gwada. Duk suka nutse, sai na wanda ya liƙe nasa da ƙaro, nan take suka gane dalilin da ya sa uwar nan ta shafe nata. Jirgin ruwan tsufana da karan dawa muka yi shi, dabbobin kuma da laka. Labarin yaro makiyayi da ya kayar da ƙato da majajjawa ne ya ja mini magana, don tulun maƙwabciyarmu ne ya tsaya a matsayin ƙaton, sai da na je har ɗakinta na ba da haƙuri. Dattawan coci suna ganin wasan yara nake yi. Ni kuwa ina ganin yaran da a da sai an koro su da bulala, yanzu tun ban gama wanke-wanke ba sun cika mini ƙofa.

A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, marainiya, tana hannun ƙanin mahaifinta, wani kofur ɗin 'yan sanda. Matar kofur, wadda yarinyar ke kira Inna, tana sayar da abinci a bakin bariki. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa, ga bakinta ba linzami. Yarinyar ba ta iya riƙe aya ko guda. Ka faɗa mata yanzu, kafin ka juya ta zube. Shi ya sa Innar ke ce mata kan dutse, a gida da waje, har yara suka ɗauka. Ba ta kuka in an faɗa, sai dai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi. Amma hannunta yana da kyau, raƙumin lakar da ta gina ya fi na kowa.

Da damina ta kawo kai, na shirya musu misalin mai shuka, wanda irinsa ya faɗa wuri huɗu: a kan hanya, a kan dutse, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Na ce wannan ba labarin da za a yi a zaune ba ne ga 'ya'yan da suka tashi cikin manoma. Na je wajen mai gidan da muke haya, wani dattijo Musulmi mai yawan barkwanci, na roƙe shi filin bayan gida. Wurin kamar don darasin aka yi shi. Ga hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, ga wani gefe da ƙarangiya ke cinyewa kowace shekara, ga ƙasa baƙa kusa da turken awaki, ga kuma marmara, jan dutsen nan, da ɗan yashi a kansa wanda bai kai tsawon yatsa ba.

"Ki ɗauka, ɗiyata," in ji shi. "Amma hatsi bisa marmara? Tau, mu ga ikon Allah."

Da ruwan shuka ya sauka, na karya tsinke gida huɗu, yara suka ja ƙuri'a uku-uku. Yarinyar ta jawo na marmara, ita da wasu maza biyu. Innarta tana tsaye a bakin rumfa da goyo, ta kwashe da dariya.

"Ai ƙwarya ta bi ƙwarya," ta ce. "Dutse ya sami ɗan'uwansa."

Yara suka yi ta dariya. Na tsawata musu, muka ci gaba da shuka. Na kan hanya, kafin mu wanke hannu kajin gidan sun tsince shi tas, yara suna tsalle suna cewa ga tsuntsayen nan da aka faɗa. Mazan nan biyu da ke tare da ita suka ga ba riba, suka sulale suka koma wajen masu ƙasa mai kyau. Ita kaɗai ta tsuguna ta tona yashin da yatsa, ta zuba irin gero, ta rufe da tafin ƙafa kamar yadda ta ga ana yi a gona.

Na marmara ne ya riga kowa tsirowa, daidai yadda aka rubuta. Na ji daɗi ƙwarai, don darasina na tafiya a kan hanya. Sai ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, ganyen ya fara naɗewa, na tara yara na nuna musu, na ce ku duba da kyau, ba shi da wurin kafa saiwa. Na ƙudurta cewa Lahadi mai zuwa za mu tarar da shi a bushe mu rufe babin.

Lahadi ta zo bai bushe ba. Na zagaya bayan gida da safe, na ga danshi a gindin kowane tsiro. Washegari ma haka. Da la'asar na laɓe a bakin danga, sai ga ta da gwangwanin madara, ta rage ruwa daga tulun da aka aike ta ɗebowa, tana zuba wa kowane tsiro kaɗan-kaɗan. Zuciya ta ɗebe ni, don ni mai saurin fushi ce, ba na ɓoyewa.

"Ke! Wa ya sa ki? Ba na ce a bar shi ba? So kike ki ɓata mini darasi?"

Ta miƙe, gwangwanin a hannunta, ba ta gudu ba.

"Malama, Inna tac ce ni ta dutsen. Kowa na jiran shi mutu shi ce gaskiya na." Ta share hanci da bayan hannu. "In yam mutu, ba ni koma zowa."

 Na san irin yaran nan marasa magana, in suka faɗi abu sun gama shawara. Na tsuguna na yi mata bayani, na ce misali ne, ba da ke ake ba, ƙuri'a ce kawai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ci gaba da zuba ruwanta. Nan na gane cewa bakina ba zai kankare abin da idonta zai gani ba. Ni na koya musu cewa abin da aka gani ya fi abin da aka ji, ga shi kuwa ta koya fiye da kowa.

Na kwana da abin a raina, na tashi da shawara guda: geron nan ba zai mutu ba. Ni 'yar manoma ce, a ƙasarmu yarinya tana koyon riƙon fartanya tare da koyon daka. Na san ruwan gwangwani ba zai kai shi ko'ina ba, saiwa ce ba ta da wurin zuwa. Na ce mata da zarar an yi ruwa za mu cire shi mu yi dashe a ƙasa mai kyau, kusa da turke.

"A'a," ta ce. "Can ba nawa na ba. Nan ni ka son shi."

Na yi lallashi, na yi faɗa, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Daga baya na ga ita ce da gaskiya. In an kai shi can ya rayu, ƙasar can za a yaba, dutse yana nan dutsensa. To ashe sai an fasa marmarar. Na koma wajen mai gida aron diga.

"Mi za ki yi da diga, ɗiyata?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"An ce mai hankuri shi ka dahwa dutse, amma ban ji anka ce shi nome shi ba! Wurin ga ko tsohona bai taɓa yanke zangarniya ba." Ya shiga ya fito da digar, ya miƙo mini. "Ki kwashi takin awaki can bakin turke, tsohon, ba sabo ba. Allah shi ba da sa'a."

Wanda bai taɓa saran marmara ba, bai san abin da ake kira aiki ba. Ka ɗaga diga ka sauke da duk ƙarfinka, ta yi tsalle ta dawo, abin da ya ɓantare bai fi ƙwayar goro ba. Kullum da la'asar, in na sauke tukunya, sai in ɗaure zane in fita. Ina sara, ita tana kwashe tsakuwar da sakaina. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Maigidana yana shafa mini magani yana mita, wai aikin asibiti bai ishe shi ba sai na kawo masa marar lafiya har gida. Matan da ke wucewa rijiya sukan tsaya su ce, "Sannu, matar likita, rijiya kika gina muna?" In ce musu eh, ku shirya guga. A haka muka sami ramuka guda biyar, kowane ya kai zurfin gwiwar hannu, muka cika su da taki da yashi.

Ranar da ruwa ya dawo, muka fita cikin yayyafi muka cire tsiron da ya fi ƙwari, muka dasa a ramukan, taku ɗaya daga inda suka tsiro. Biyu suka mutu a makon. Akuya ta tsallaka ta cinye ɗaya, ranar na yi zagin da bai dace da malamar makarantar Lahadi ba. Muka kewaye sauran biyun da ƙaya. Suka kama, suka yi duhu, suka fara tashi.

Ana cikin haka Fasto ya zo daga Kalgo. Labari ya riga ya kai masa, don ba a rasa mai kai labari. Bayan sujada ya ce in nuna masa gonar. Ya ga hanya fayau, ya gyaɗa kai. Ya ga na cikin ƙarangiya ya rame ya yi rawaya, ya gyaɗa kai. Ya zo kan marmara ya ga gero ya kai masa ƙugu, kore shar, sai ya sha mur.

"Malama, mene ne wannan? Littafi ya ce na kan dutse ya bushe. Yanzu yaro ya tashi ya ce ya gani da idonsa ba haka ba ne, me za ki ce masa?"

"Baba Fasto, sun ga ya yi yaushi, duk na nuna musu. Littafi ya ce iri ya faɗa kan dutse ya bushe, amma ban ga inda ya hana a ɗauko diga ba."

Ban faɗi haka da ladabin da ya kamata ba, muryata ta ɗaga. Ya ce a tuge shi kafin ya rikita yara. Na ce ba da hannuna ba. Yarinyar tana bayana, ta riƙe gefen zanena tamau. Sai Fasto ya ce in same shi a Kalgo gaban dattawa.

Na hau a-kori-kura zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo, ina tafe ina shirya maganganu a raina. Na tarar da su zaune a kan benci a inuwar cocin. Fasto ya yi bayani, kuma don Allah bai ƙara mini ko kalma ba. Shi tsoronsa kada yara su raina Maganar Allah, ba ƙiyayya ba ce. Na faɗi nawa, na gaya musu abin da yarinyar ta ce. Wasu suka ce taurin kai ne, mace ta mayar wa Fasto magana a gaban jama'a. Aka yi ta ja, aka tsaya a kan cewa a tuge.

Sai wani tsoho a cikinsu ya tambaya: "To wa zai tuge?"

 Duk wanda ke kan bencin nan, ɗan sanda ne ko malami ne, ɗan manomi ne. A wajenmu ba a sa hannu a tumɓuke hatsi mai rai da ya kusa yin ciki, sai mahaukaci ko maƙiyi, kuma ko maƙiyi ba ya so a gan shi. Kowa ya dubi na kusa da shi. Aka dubi Fasto, shi ma ya dubi ƙasa, yana juya makullin babur a hannunsa. Da suka rasa mai tugewa, sai suka juyo kaina. Aka ce in sauka daga koyarwa har kaka, wani malamin firamare ya riƙe yaran.

Na ce na ji, na gode. A mota na yi kuka, kukan haushi, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Abin ya yi mini ciwo sosai. Ranar Lahadi ina zaune cikin manya, ina jiyo yarana a bayan rumfa suna maimaita aya da muryar barci, ina jiyo tsumagiya. Amma kowace Lahadi nakan leƙa, in gan ta zaune a ƙarshen tabarma. Har yanzu ba ta iya riƙe ayar, har yanzu ana dukanta a kai, tana nan dai ba ta fasa zuwa ba. Da an tashi sai ta zagaya bayan gida.

An hana ni aji, ba a hana ni bayan gidana ba. Muka ƙara taki, muka yi wa gindin huɗa da ƙasar da muka ɗebo a kwano. Da ya fid da kai tsuntsaye suka taso mana, na yaga tsohon ɗankwalina muka naɗe zangarniyar. Guda biyu muka samu masu ido, gajeru, ko rabin na ƙasa mai kyau ba su kai ba. Ita ta yanke su da hannunta. Mai gida ya karɓa ya jujjuya, ya murza ido ɗaya ya sa a baki, ya ce, "Hatsi na, ba ƙarya." Ya mayar mata.

Bayan kaka ake yin sujadar godiya a Kalgo, kowa ya kawo abin da gonarsa ta ba shi. Muka yi hayar mota ɗaya mu duka. Gaban coci ya cika da dammunan gero da dawa, da buhunan shinkafa daga fadama, da kabewa, har da zakara ɗaure. Ana waƙa ana fita layi-layi. Da aka kira yaran Gwandu, masu ƙasa mai kyau suka ɗauki ɗan daminsu suna washe baki. Ita ta biyo baya ita kaɗai, zangarniya ɗaya a kowane hannu. Na ji wasu suna dariya ƙasa-ƙasa. Fasto ya gane ta, ya gane abin da ke hannunta, ya matsa ya ba ta wuri.

Ta ajiye guda ɗaya a kan dammunan. Ɗayar ta riƙe, ta juyo za ta koma.

Innarta ta yi mata tsawa daga inda take zaune. "Ke, ajiye duka mana! Rowa za ki yi wa Allah?"

Yarinyar ta tsaya a tsakiyar coci. Ban taɓa jin muryarta ta ɗaga haka ba.

"Wanga iri na. Baɗi ni ka shuka shi."

Fasto ya sunkuyo ya tambaye ta a hankali, "A ina za ki shuka, 'yata?"

"Nan dai inda yat tashi. Rame biyar sun yi kaɗan."

Ta zo ta zauna kusa da ni, ta cusa zangarniyar cikin rigarta. Hawaye ya cika mini ido, na daɗi, don tun da na san yarinyar nan ban taɓa jin ta ambaci wata rana mai zuwa ba, sai ga ta tana maganar baɗi. Na buɗe tafin hannuna na duba, duk ya yi kanta. Na ce mata to, ta bari ƙasa ta sha ruwan fari tukuna, marmara ta fi saruwa in ta jiƙa.